Tambayoyinku: A bar mutum-mutumin sojojin Kudu na yaƙin basasar Amurka ko a sauke su?

Wannan makon saƙonni huɗu ne suka haɗu a kan magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in jera su wuri guda. Masu tambayar aure da gado ku yi min uzuri, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam barka da aiki. Mun kusa kwana muna gardama da abokina a kan wani bidiyo da muka gani, ƙugiya tana ɗaga wani ƙaton mutum-mutumi na soja a kan doki a Amurka mutane suna ta ihu da tafi. Shi ya ce wannan goge tarihi ne kuma cin mutuncin matattu ne, ni kuma na ce ai mutanen banza ne gara da aka cire. Don Allah wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ɗan'uwa barka kadai. Daga yadda ka kwatanta ina kyautata zaton mutum-mutumin Janar Robert Lee ne da aka sauke a birnin Richmond na jihar Bajiniya ranar 8 ga Satumba 2021. To kafin in raba muku gardama bari mu fara da wane ne mutumin da kuma me ya yi yaƙi a kai, don a nan ne gizo yake saƙar.

Daga 1861 zuwa 1865 Amurka ta yi yaƙin basasa. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle bayan an zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, suka kafa tasu ƙasar da Jefferson Davis a matsayin shugaba, Richmond ɗin nan ce ta zama babban birninsu, Lee kuma shi ne janar ɗinsu da ya fi suna har ya miƙa wuya a Appomattox a watan Afrilu 1865. Mutum sama da 600,000 suka mutu. Yanzu in ka tambayi wasu 'yan Kudun sai su ce maka ai kakanninsu 'yancin jihohi suka kare, ba wani abu ba. To amma 'yancin yin me? Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 ne a ƙasar, su ke noma audugar da arzikin Kudu ya dogara a kai, kuma su kansu masu ɓallewar ba su ɓoye ba sam. Jihar Misisipi a takardar da ta bayyana dalilin ficewarta ta rubuta ƙarara cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugabansu Alexander Stephens ya tsaya a garin Savannah a watan Maris 1861 ya ce harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙin mutum ba daidai yake da farin mutum ba, kuma bauta ita ce ta dace da shi. Da bakinsa ya faɗa, ba maƙiyi ne ya laƙaba masa ba.

Abu na biyu da abokinka ya kamata ya duba, kuma wallahi shi ne ya fi canza min tunani lokacin da na fara karanta labarin nan, shi ne yaushe aka kafa su. Mutum zai zaci da aka gama yaƙi ne iyaye da zawarawa suna cikin hawaye suka yi karo-karo suka gina. Akwai irin waɗannan, zan zo kansu. Amma yawancin na tsakar gari, na gaban kotu da gaban majalisa da kan shataletale, an kafa su ne tsakanin wajen 1900 zuwa 1920, shekara arba'in hamsin bayan yaƙi, daidai lokacin da jihohin Kudu suke kafa dokokin wariyar launin fata suna hana baƙaƙe jefa ƙuri'a, bayan kotun ƙoli ta halatta wariyar a 1896. Wata ƙungiyar mata jikoki da 'ya'yan sojojin Kudu da aka kafa a 1894 ita ce ta tara kuɗin da yawa daga ciki. Sai kuma abin ya sake tasowa a shekarun 1950 da 1960, lokacin da baƙaƙe suka miƙe suna neman haƙƙinsu. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga misali ɗaya da ba na mantawa. A 1913 aka buɗe mutum-mutumin wani soja a harabar jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, wai don tunawa da ɗaliban da suka tafi yaƙi. A wajen bikin buɗewar wani attajiri tsohon sojan Kudu mai suna Julian Carr ya yi jawabi yana alfahari cewa dab da wajen nan, bayan ya dawo daga yaƙi, ya zane wata baƙar mace da bulalar doki har kayan jikinta suka yayyage. A taron tunawa da matattu fa! Ka ga wannan ba makoki ya kawo shi ba. Ɗalibai sun tuge mutum-mutumin a watan Agusta 2018.

Na Lee da kuka gani an buɗe shi a 1890, shekara ashirin bayan mutuwarsa, tsayinsa da gindinsa ya kai ƙafa 60. Tun a lokacin wani baƙar fata editan jarida kuma ɗan majalisar birnin, John Mitchell, ya yi adawa da shi, har ya rubuta cewa baƙin mutum ne ya yi aikin ɗora shi kuma in lokaci ya yi yana nan zai sauke shi. Sai da aka yi shekara 131 maganar ta tabbata. Abin mamaki shi kansa Lee ɗin, a 1869 da aka gayyace shi taron shirya alamomin tunawa a filin yaƙin Gettysburg, ƙin zuwa ya yi, ya ce gara kada a riƙa fama mikin yaƙi.

To ni dai hukuncina, kai ka fi kusa da gaskiya a kan na Richmond ɗin nan. Amma kalmarka ta "mutanen banza" ta yi faɗi da yawa, ka karanta tambayar da ke biye.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kaduna: Malam mahaifina soja ne ya yi ritaya yana sajan, kullum yana gaya mana soja ba ya zaɓar yaƙi, umarni ake ba shi. To yaron da aka kwasa daga ƙauye aka ba shi bindiga ya mutu, meye laifinsa da za a hana a tuna da shi? Shi ma ai uwa ce ta haife shi.

Amsa: Hajiya Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, maganarsa gaskiya ce kuma tambayarki ita ce mafi nauyi a cikin huɗun. Da yawan sojojin Kudun ba su mallaki bawa ko ɗaya ba, talakawa ne manoma. A watan Afrilu 1862 gwamnatin Kudu ta yi dokar ɗaukar soja dole daga ɗan shekara 18 zuwa 35, sannan a watan Oktoba na shekarar suka ƙara wata doka da ta ɗauke wa mutum ɗaya zuwa yaƙi a duk gandun da ke da bayi 20, ga shi kuma mai kuɗi yana iya biyan wani ya tafi a madadinsa. Su kansu sojojin suna ƙorafi cewa yaƙin na masu kuɗi ne amma talaka ke mutuwa. Don haka ni ban ga dalilin da zai sa a tone kabarin irin wannan yaro ko a hana jikokinsa kai masa furanni ba.

Sai dai kabari daban, doki a tsakar kasuwa daban. A cikin Richmond ɗin nan dai akwai wata maƙabarta mai suna Hollywood (ba ta 'yan fim ba, suna ne ya zo ɗaya) inda aka binne sojojin Kudu wajen 18,000, kuma tun 1869 matan garin suka gina musu wata dalar dutse mai ƙafa 90. Tana nan har gobe, ranar da ƙugiya ta zo ba can ta nufa ba. Wanda yake son ya yi kukan kakansa ƙofa a buɗe take. Amma mutum-mutumin da aka girka a ƙofar kotu, wanda jikan bawa dole ya bi ta ƙarƙashinsa in yana neman a bi masa haƙƙi, kuma da harajinsa ake share wajen ana yi masa fenti, wannan ba da mamaci yake magana ba, da mai rai yake, yana gaya masa waye mai garin.

Jamusawa ma sun sha wannan gardamar. A Normandi ta ƙasar Faransa akwai maƙabartar La Cambe, sojojin Jamus sama da 21,000 na yaƙin duniya na biyu suna kwance a ciki, duwatsu ne baƙaƙe a ƙasa-ƙasa, babu janar a kan doki babu takobi a sama, wuri ne da in ka shiga jikinka zai yi sanyi. Faransawan da Jamus ta mamaye sun bar ta a ƙasarsu. Kuma ba wai duk na ciki salihai ba ne, har da jami'in da ya jagoranci kashe mutum sama da 640 a ƙauyen Oradour a 1944 yana kwance a can. An bar masa kabarinsa don ƙasa ba ta ƙin gawa, amma babu wanda zai yi mafarkin kafa masa mutum-mutumi a dandali. Ko kabarin ma in shugaba ya je ya ajiye fure magana ta canza, shi ya sa aka yi ta cece-kuce a 1985 da shugaba Reagan ya ziyarci maƙabartar Bitburg inda aka binne 'yan SS 49, wato rundunar jam'iyyar Hitler, haka kuma Sin da Koriya suke tada jijiyar wuya duk sanda wani babba a Japan ya je wurin ibadar Yasukuni, saboda tun 1978 aka shigar da sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 cikin waɗanda ake girmamawa a wajen.

Mu a addininmu ma ai an raba mana abin. Ya tabbata an wuce da gawar Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa Bayahude ne ya ce ashe ba rai ba ne? Ya kuma hana zagin matattu don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Wannan haƙƙin gawa ne, kowa yana da shi. Kirari da tambari kuwa ba haƙƙin kowa ba ne, sai wanda jama'a suka ga ya cancanta.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Azare: Ni tsorona abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yau Lee, gobe Washington tunda shi ma ya mallaki bayi, jibi kuma wa? In aka bi ta haka wa zai tsira a tarihi? Kuma mu da muke Musulmi meye namu a ciki, ai duka gumaka ne.

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari. Wannan tambayar taka ita Trump ya yi a watan Agusta 2017 bayan rikicin Charlottesville, inda masu aƙidar fifita farar fata suka yi gangami don hana cire wani mutum-mutumin Lee har wani ya kutsa mota cikin masu adawa da su ya kashe wata mata. Kuma ba tambayar banza ba ce, don a 2020 bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe, an samu inda fushi ya kwashe mutane suka tuge har da waɗanda ba su da alaƙa da Kudu. Ni ba na goyon bayan taron dare da igiya, in za a sauke a sauke da rana ta hanyar majalisar gari, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

Amma akwai ma'auni mai sauƙi, ka tambaya saboda me aka ɗaga mutumin. Washington an ɗaga shi don ya kafa ƙasar, bautar da ya yi tabo ce a jikinsa da ya kamata a faɗa kar a ɓoye. Lee kuwa in ka cire yaƙin nan me ya rage da za a kafa masa mutum-mutumi a kai? Da kakin sojan Kudu aka sassaƙa shi, abin da ake yaba masa shi ne ainihin abin da ake ƙorafi a kai.

Batun goge tarihi kuma, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya gaya mana a cikin suratu Yunus cewa Ya tsirar da jikin Fir'auna don ya zama aya ga na baya, ka ga an adana shi amma ba don girmamawa ba. Haka mutanen Hangari suka yi, da kwaminisanci ya faɗi suka kwashe mutum-mutumin zamanin suka tara a wani fili a bayan garin Budapest, aka buɗe a 1993, duk mai son gani ya biya ya shiga. A Bristol ta Ingila na Edward Colston mai cinikin bayi da aka jefa a ruwa a 2020 an tsamo shi, yanzu yana gidan tarihi a kwance da fentin da aka watsa masa. Mu ma nan gida a Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi da aka ajiye makaman ɓangarorin biyu na yaƙin basasarmu har da waɗanda 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, yara suna zuwa suna gani, ba wanda ya ce an goge wani abu. A gidan tarihi akwai mai bayani, a kan shataletale kuwa kai dai ɗaga kai za ka yi ka kalli mutum a sama.

Maganar gumaka, eh mu ba al'adarmu ba ce, kuma labarin mutanen Annabi Nuhu ya ishe mu, su Wadda da Suwa'a mutanen kirki ne aka yi musu siffofi don tunawa, tafiya ta yi tafiya aka koma bauta musu. Amma kar mu yi saurin wanke hannu, don mu namu mutum-mutumin suna ne, sunan titi da makaranta da bariki da zauren taro. Har yau majalisar dokokin jihar Kaduna a ginin da ake kira da sunan Lugga take zama. Su ma Amurkawan rigimar ta kai kan suna, babban barikin Fort Bragg da aka sa wa sunan wani janar ɗin Kudu an canza masa suna a 2023, sai ga shi a 2025 an mayar da Bragg ɗin amma aka ce wai wani Bragg ne daban, sojan yaƙin duniya na biyu. Dabara kenan irin ta 'yan siyasa. Sannan laifi tudu ne, mu da muke ta jinjina wa baƙaƙen Amurka mu tuna ƙasar Hausa ma an yi bauta, an yi rinji an yi kasuwar bayi, kuma sai 1936 doka ta kammala soke ta a Arewa. Wannan hira ce da ba mu cika son yi ba.

Tambaya daga wani bawan Allah a Maraɗi: Malam mu nan Nijar muna da namu. A Maijirgi kusa da Tasawa akwai kaburburan Turawan Faransa biyu da suka yi wa kakanninmu kisan gilla. Wasu matasa na cewa a farfasa su. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa ka kawo maganar har gida. Ga waɗanda ba su sani ba, Voulet da Chanoine ake nufi, hafsoshin Faransa biyu da suka jagoranci runduna a 1899 da nufin kaiwa tafkin Cadi, suka bi ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa suna kashe mutane ba babba ba yaro. Su ne suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, su ne suka yi wa Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Abin ya yi muni har gwamnatinsu ta turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli 1899, kwana biyu zuwa uku bayan nan sojojinsu 'yan Afirka suka juya musu baya suka kashe su su biyun.

Da mutum-mutuminsu ne a tsakiyar Maraɗi ko Yamai da ni ne na farkon cewa a kira ƙugiya, kamar yadda a watan Oktoba 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan De Gaulle daga babban titi suka sa na Djibo Bakary, suka kuma sauya hoton Monteil, wani hafsan Faransa na zamanin mulkin mallaka, da na Thomas Sankara. Amma waɗannan kaburbura ne, kuma ni a ganina shaida ce a hannunku, don duk ranar da wani ya tashi ya ce abin bai faru ba ko an yi ƙari, sai ku kama hannunsa ku kai shi Maijirgi. In aka farfasa su Faransa ba ta yi asarar komai ba, ku ne kuka rasa hujja.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka yi kisan muna riƙe da sunayensu da ranar mutuwarsu, waɗanda aka kashe kuwa sai dai a ce "mutanen Ƙonni". Da matasan nan za su ji tawa, ƙarfin da za su sa a guduma su sa shi a wayoyinsu, su bi tsofaffin Ƙonni da Lugu da ƙauyukan da ke kan hanyar su naɗi abin da suka ji daga iyayensu tun suna raye, a tattara sunayen garuruwan da aka ƙone da na gidajen da aka ƙarar, sannan a nemi izinin mai gari da hukuma a kafa allo babba dab da kaburburan, a rubuta da Hausa da ajami da Faransanci. In kun fara ku aiko min da hoto, zan sa a wannan shafin.